Mystery Science Theater 3000: shirin da ya mai da lalatattun fina-finai abin kallo

Abin da ido zai fara cin karo da shi tsohon fim ne yana tafiya a allo, irin waɗanda aka yi da kuɗi ƙalilan a shekarun 1950 da 1960: kumbon da kana hango zaren da aka rataye shi da shi, masanin kimiyya cikin farar riga yana murɗa maɓallan da ba a haɗa su da komai ba. A ƙasan allon kuma, ta gefen dama, ga inuwar jeren kujerun silima da kawuna uku baƙi ƙirin. Na hagu kansa kamar ƙwallon gilashi, na tsakiya ɗan'adam ne, na dama yana da dogon baki da wata raga a ka. Daga farkon fim har ƙarshensa bakinsu ba ya hutawa. Su mayar wa jarumi da amsa, su sa wa wanda ya yi shiru magana a baki, su miƙa hannu su nuna inda aka tafka kuskure. Wannan shi ne Mystery Science Theater 3000, wanda masoyansa ke taƙaitawa da MST3K, shirin barkwancin talabijin na Amurka da Joel Hodgson ya ƙirƙiro.

Shiri ne da ya cancanci lokacin mai kallo, amma ba kowace fitowarsa ba, kuma ba ta kowace ƙofa ake shigarsa ba. Wanda ya faɗa kan fitowar da ba ta dace da sabon shiga ba zai kashe kafin minti 20, ya tafi yana cewa surutu ne kawai. Kuma ba za a ga laifinsa ba.

An fara nuna shi ranar 24 ga Nuwamba, 1988, a wata ƙaramar tasha mai suna KTMA a birnin Miniyafolis na jihar Minisota. Fitowa 21 aka yi a can. Daga 1989 ya koma tashar Comedy Channel, wadda daga baya ta zama Comedy Central, ya yi zango 7 har zuwa 1996. Sci-Fi Channel ta ɗauke shi daga 1997 zuwa 1999, zango 3. Jimlar fitowar wancan zamani 197, kuma a tsakaninsu ya samu lambar yabo ta Peabody ta shekarar 1993. A 2015 masoya suka tara sama da dala miliyan 5.7 ta Kickstarter, dandalin tara kuɗi na intanet, don a farfaɗo da shi. Netflix ta fitar da fitowa 14 a 2017, ta ƙara 6 a 2018, sannan zango na 13 ya fito a 2022 a dandalin shirin na kansa mai suna Gizmoplex.

Labarin da aka rataye komai a kansa gajere ne, waƙar buɗe shiri ma tana bayyana shi duk mako. Wasu mugayen masana kimiyya sun harba wani ƙaramin ma'aikacinsu zuwa wani tauraron ɗan'adam da ake kira Satellite of Love, suna tilasta masa kallon munanan fina-finai don su gano wanda zai zautar da mutum, su yi amfani da shi su mallaki duniya. Shi kuma don kaɗaici kada ya kashe shi, sai ya ƙera wa kansa abokan zama na mutum-mutumi, da sassan na'urar da ke kunna fim da kashe shi. Shi ya sa ba shi da ikon tsayar da fim in ya fara. Joel Hodgson da kansa ne ya fara fitowa a matsayin mutumin nan, daga baya Mike Nelson ya gaje shi.

Ya kamata a tsaya a dubi mutum-mutumin nan da kyau, domin a jikinsu ake gane halin shirin. Crow T. Robot, mai ruwan zinariya, bakinsa sandar roba ce ta wasan bolin da aka tsaga biyu, idanunsa ƙwallayen tanis na tebur ne a cikin mazubin sabulu, ragar kansa kuma garkuwar fuska ce ta 'yan wasan hoki. Tom Servo, ja, kansa 'yar na'urar zuba alewa ce, gangar jikinsa asusun roba ne mai siffar ganga, ƙasansa kwanon roba da aka kife, hannayensa kuma sifirin ne da ba sa iya ɗaukar komai. Gypsy, wadda ke kula da tafiyar tauraron, kanta kujerar jariri ce ta mota, idonta tocila, wuyanta dogon tiyo. Cambot shi ne kyamarar da muke kallo ta idonta. Wato masu zolayar fina-finan tsiya su ma da tarkace aka haɗa su, ba su kuma ɓoye hakan ba. Wannan ne ya sa dariyarsu ba ta zama ta mai kuɗi yana raina talaka ba. Dariya ce ta wanda ya san wuyar ƙera kumbo da kwali da fenti, don shi ma da su ya ƙera nasa.

Kowace fitowa takan kai minti 90 da ɗan wani abu in an cire tallace-tallace. Ana buɗewa da gajeren wasa a cikin tauraron, masanan su kira daga ƙasa su faɗi fim ɗin ranar. A zamanin Joel akwai musayar ƙirƙira, inda kowane ɓangare ke nuna wata na'urar shirme da ya ƙera. Sai fitilu su kama walƙiya, ƙararrawa ta ɗauka, kyamara ta kutsa ta cikin jeren ƙofofi zuwa ɗakin kallo. Sau uku ana katse fim ɗin a fito a yi ɗan wasa ko waƙa kan abin da aka gani. In fim ɗin bai kai tsawon da ake so ba, a kan gabatar da gajeren fim na wayar da kai daga shekarun 1940 ko 1950, irin masu koyar da tsafta ko ladabin zama ko noma. Sau da yawa gajerun nan sun fi babban fim ɗin ban dariya, kuma da yake ba sa wuce minti 10 zuwa 20, su ne mafi sauƙin gwaji ga wanda bai tabbatar shirin zai yi masa ba.

Inuwar nan ta ƙasan allo ba zane ba ce. 'Yan wasan suna zama a gaban farin bango, a bayan jeren kujerun da aka yanka aka shafa wa baƙin fenti. Mutumin yana sa baƙaƙen kaya, 'yan tsanan da ake shiga da su ɗakin kallo kuma daban ne, an shafe su da baƙi kakaf. Fim ɗin suna kallonsa a wani ƙaramin talabijin da ke ƙasa kusa da ƙafafunsu, da rubutun a hannu. Daga baya na'ura ta cire farin ta maye gurbinsa da hoton fim. Shi ya sa in Joel ko Mike ya miƙe zai “taɓa” wani abu a allo, sai an auna wurin tun kafin a ɗauka.

Inda gizo ke saƙa shi ne rubutun. Mutane da yawa suna ɗauka nan take ake faɗar abin da ya zo baki. A KTMA haka aka yi, sakamakon kuma a bayyane yake: dogon shiru, maganganu suna karo da juna, wani lokaci a yi minti guda ba a ce komai ba. Daga zango na 1 da aka nuna a ƙasa baki ɗaya aka koma rubutawa. Marubuta su zauna a ɗakin aikinsu na Best Brains, kamfanin da ya shirya shirin a Minisota, su kalli fim ɗin guntu-guntu, suna tsayarwa suna mayarwa baya, kowa yana jefa nasa, ana rubuta kowace magana tare da daƙiƙar da za ta faɗo. Sannan a tace, a raba wa muryoyi uku. Fitowa ɗaya takan ɗauki shaguɓe sama da 600. In ka raba wannan da tsawon fim ɗin, kusan duk daƙiƙa 7 ko 8 sai an ce wani abu.

Amma yawan ba shi ne gwanintar ba. Gwanintar ita ce a sa magana a cikin ramin da fim ɗin ya bari. Fim ɗin da aka yi da ƙaramin kuɗi cike yake da ramuka: jarumi ya faɗi layinsa, abokin wasansa ya yi daƙiƙa biyu kafin ya tuna nasa, mota ta shigo, a nuna ta tana fakin, direba ya fito, ya rufe ƙofa, ya taka har bakin gida, ba a yanke ko ɗaya ba don ana neman cike lokaci. A waɗannan guraben ake dasa shaguɓe. In an dasa daidai, kana jin layin fim ɗin sarai, sannan ka ji amsar, kamar tare aka rubuta su. In aka taka maganar fim ɗin, mai kallo ya rasa abin da ake mayar wa martani, dariyar ta mutu a nan take.

Space Mutiny, fitowa mai lamba 820 (wato ta 20 a zango na 8) daga 1997, ita ce misali mafi kyau, kuma ita muke ba sabon shiga shawarar ya fara da ita. Fim ne na 1988 da aka ɗauka a Afirka ta Kudu. Wai a cikin katafaren jirgin sararin samaniya ake, amma an ɗauki yawancinsa a cikin wata masana'anta mai bututu da matakalan ƙarfe, har hasken rana yana shigowa ta taga. Yaƙin kumbunan da ake nunawa daga shirin Battlestar Galactica na 1978 aka kwaso shi. Ana tseren ceton rai a cikin wasu ƙananan motoci masu tafiyar hawainiya. Akwai wata ma'aikaciya da aka harbe ta mutu, a fage na gaba kuma sai ga ta zaune a kujerarta tana aiki, saboda an jera fagagen ba bisa tsari ba wajen tacewa. Mike da abokansa ba sa barin ko ɗaya ya wuce. Duk lokacin da ƙaton jarumin ya bayyana sai su raɗa masa sabon suna na ƙarfi da ƙwanji, sunayen suna ta taruwa har ƙarshen fim, kowanne ya fi na baya wauta. Abin da ya sa fitowar ta yi armashi shi ne fim ɗin kansa ba ya tsayawa. Ana gudu, ana ihu, ana faɗowa daga bene. Ko an cire zolayar zai kallu.

Pod People, fitowa ta 303 daga 1991, ita ce takwararta a zamanin Joel. Fim ne na ƙasar Sifen na 1983 da aka faro a matsayin fim ɗin tsoro, sai nasarar fim ɗin E.T. ta sa masu kuɗin suka nemi a cusa yaro da ɗan baƙon halitta mai ban sha'awa. Sakamakon shi ne labarai uku da ba su san da juna ba, mafarauta da mawaƙa da yaron, duk cikin hazon da ya hana ganin komai. A nan ne za ka ga wani amfani na shirin da ba a cika faɗa ba: yana koya wa mai kallo gane yadda ake haɗa fim. Bayan fitowa biyar ko shida sai ka tarar idonka ya fara kama inda dare ya koma rana a tsakiyar fage, da inda leɓe bai bi murya ba, da inda aka maimaita hoto ɗaya sau uku.

Sai kuma wadda ta fi kowace suna, Manos: The Hands of Fate, fitowa ta 424 daga Janairun 1993. Kada ka fara da ita. Harold P. Warren, wanda ba sana'arsa ce fim ba, ya ɗauke shi a El Paso ta jihar Teksas a 1966, da kyamarar da ake wana ta da hannu, wadda ba ta wuce daƙiƙa 32 a ɗauka ɗaya, kuma ba ta ɗaukar sauti. Duk muryoyin daga baya aka ɗora su. Fim ɗin yana buɗewa da doguwar tafiyar mota da babu abin da ke faruwa a cikinta. A nan ramukan sun fi ƙasar yawa, marubutan suna ta cikewa har abin ya fi ƙarfinsu, har su kansu mugayen masanan a cikin shirin suka ba Joel haƙuri. Ga wanda ya saba da muryoyin, wahalar da suke sha ita ce abin dariyar. Ga baƙo kuwa gajiya ce zalla. Haka Monster A-Go-Go, wanda wani ya faro kuɗi suka ƙare masa, wani ya saya ya ƙarasa bayan shekaru ba tare da yawancin 'yan wasan farko ba, aka rufe shi da mai ba da labari yana cewa ai babu dodon ma. Da fina-finan Coleman Francis guda uku. Duk a ajiye su sai an ƙware.

Ke nan ba mafi munin fim ne ke ba da fitowa mafi daɗi ba. Wanda ya fi dacewa shi ne fim ɗin da masu yin sa suka yi da gaske, da zuciya ɗaya, ƙarfinsu ne bai kai burinsu ba. Fim ɗin da ya san shi wasa ne, yana yi wa kansa dariya, ba ya barin wa masu zolaya abin yi. Fim mai duhun hoto ko sautin da ba a ji shi ma matsala ne, don sai an fahimci abu ake iya dariyarsa. Akwai kuma darasin da suka koya a zango na 2 da The Sidehackers: sun zaɓe shi ba su kalle shi duka ba, suna cikin rubutu suka tarar da fagen cin zarafin wata mace da kashe ta. Dole suka yanke shi, suka sa Crow ya sanar da masu kallo a jimla ɗaya cewa matar ta mutu. Tun daga nan ba su sake ɗaukar fim ba sai an kalle shi daga farko har ƙarshe. Wannan ma tunatarwa ce cewa fina-finan da ke cikin shirin yankakku ne, don lokaci da kuma don tsabtace su. Wani giɓin da za ka gani a labari ba laifin daraktan asali ba ne.

Masoya sun daɗe suna jayayya kan Joel da Mike. Joel Hodgson ya bar shirin a tsakiyar zango na 5 a 1993, fitowarsa ta ƙarshe ita ce Mitchell, sai shugaban marubuta Michael J. Nelson ya hau kujerar. Joel mai sanyin murya ne, kamar uba ga mutum-mutumin, yana tsawata musu in sun wuce gona da iri. Mike kamar yayansu yake, zolayar zamaninsa ta fi kaifi da sauri. A ganinmu zangon da suka fi nuna ƙarfin shirin su ne na 3 zuwa na 5, lokacin da Trace Beaulieu ke riƙe da Crow da mugun masani Dakta Forrester, Kevin Murphy ke riƙe da Tom Servo, Frank Conniff kuma ke fitowa a TV's Frank, mataimakin Forrester. Sai na 8 zuwa na 10, inda Bill Corbett ya karɓi Crow, Mary Jo Pehl kuma ke jagorantar mugaye a matsayin Pearl Forrester. Zango na 1 a hankali yake tafiya, ana jin ba su gama gano ma'aunin ba. A zango na 8 tashar ta nemi wasannin tsakiya su zama labari mai ci gaba daga mako zuwa mako, don haka wanda ya tsinci fitowa ɗaya a tsakiya zai ga biri mai magana da wani farin mutum riƙe da ƙwaƙwalwarsa a kwano ba tare da bayani ba. Ba ya hana jin daɗin ɗakin kallo.

Sabon zubin na Netflix, da Jonah Ray a kujerar tsakiya da Felicia Day da Patton Oswalt a matsayin mugaye, ya zo da hoto garau mai faɗi, fina-finan ma an samo kwafi masu kyau. Reptilicus, fim ɗin dodo na ƙasar Denmak, shi ya buɗe shi. Aibinsa, musamman a fitowar farko-farko, gaggawa ce. Ana jero magana kan magana ba a bar ta farko ta sauka ba, wani lokaci ma shaguɓen yana riga abin da ake yi wa shi bayyana a allo. Ga shi muryoyin ukun sun yi kama da juna, sai ka yi fitowa biyu ko uku kafin ka rarrabe mai magana. Abin ya daidaita daga baya, fitowar Mac and Me ta 2018 ma tana cikin masu kyau. Fim ɗin silima na shirin da aka fitar a 1996, wanda ya zolayi This Island Earth na 1955, ya fi fitowar talabijin gajarta, an rage yawan shaguɓen, an kuma datse fim ɗin asali sosai. Yana da kyan gani, amma ba shi ne ainihin ɗanɗanon shirin ba.

Akwai aibobin da ba za a rufe ido a kansu ba. Kaso mai yawa na barkwancin ya dogara ne da sanin tallace-tallacen talabijin na Amurka na shekarun 1960 da 1970, da 'yan siyasarsu, da ƙananan garuruwan Minisota da Wiskonsin. Ko Ba'amurke ɗan yau ba zai kama duka ba. Maganinsa kada ka tsaya bincike. Wanda ya wuce ka ya wuce, wani na zuwa nan da daƙiƙa kaɗan, kuma shaguɓen da ya fi ƙarko shi ne wanda ya tsaya kan abin da ke allo. Aibi na biyu ya fi nauyi: a tsofaffin fitowa akwai zolayar ƙibar mutum ko kamanninsa, da kwaikwayon lafazin Japanawa a wasu fina-finan Japan. Waɗannan ba su da daɗin ji yau, sun kuma saɓa da tausayin da ya sa shirin ya fi masu kwaikwayonsa.

Wajen kallo, sauti ya fi hoto muhimmanci. Muryoyi uku ne da Turanci mai sauri a kan sautin tsohon fim da dama can ba shi da kyau, don haka lasifikar waya ba ta wadatarwa. Abin sawa a kunne ya fi. Rubutun ƙasan allo da na'ura ke samarwa da kanta yana cakuɗa maganar fim da ta masu zolaya, ya ƙara rikita mutum. Wanda mutane suka rubuta, irin na zangon Netflix, shi ne mai amfani. Tsofaffin zango a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su, hotonsu mai kusurwa huɗu ne na tsohon talabijin. Kada a ja shi ya cika allo mai faɗi, kada kuma a zuƙo shi, don inuwar kujerun ce farkon abin da zai yanke. Ba dole a cinye fitowa a zama ɗaya ba. Wasannin tsakiya sun raba ta gida huɗu, kowanne wurin tsayawa ne. Kuma ya fi daɗi da abokin kallo, muddin ba zai riƙa gasa da na allo ba.

Ba duk fitowa ake samu ba. Haƙƙin nuna kowane fim na ɗan lokaci aka saya, wasu masu fina-finan kuma sun ƙi sabuntawa. Godzilla vs. Megalon ma sai da aka janye ta daga kasuwa bayan an fitar da ita a faifai. Shekaru da yawa masoya ne suka riƙe shirin da musayar kaset, abin da shirin da kansa ya ƙarfafa a rubutun ƙarshen fitowar shekarun farko. Kamfanin Rhino ne ya fara fitar da faya-fayansa, kamfanin Shout! Factory ya ci gaba, akwai kuma fitowa da dama a tashar shirin ta YouTube, sai dai abin da ke buɗewa ya danganta da ƙasar da mutum yake. Wanda ya ƙare waɗannan yana son ƙari, Nelson da Murphy da Corbett suna ci gaba da irin aikin a RiffTrax tun 2006, ba 'yan tsana, ba inuwa, murya kawai.

In fitowa ta ƙare, kada ka kashe da sunaye sun fara hawa. Tun daga zango na 2 ana ajiye 'yan daƙiƙoƙi a can ƙarshe, inda ake maimaita guntu ɗaya mafi ban mamaki daga fim ɗin, wani ihu ko wani layin da aka faɗa a karkace, shi kaɗai, ba wanda ya ce uffan a kansa.